FILIN MOTSA JIKI: Kafin Ka Koyi Sara, Koyi Faɗuwa da Mai da Takobi Kube

  

A wannan wata wasiƙar wani yaro ɗan makarantar sakandare ce ta ja ragamar filin. Ya ce shi da abokansa sun daɗe suna kallon wasannin faɗa na Japanawa a wayar hannu, musamman wanda ake kira aikido da kuma wasan takobi, amma kalmomin da malaman ke furtawa sun gagare su, ba Larabci ba ne, ba Turanci ba ne. Ya roƙi a fassara musu da Hausa. Wannan roƙo ne mai kyau, kuma zan yi bakin ƙoƙarina. Sai dai a ƙarshen takardar ya ƙara da tambaya guda: wace dabara ce ta fi saurin karya hannun mutum, domin akwai wani da ya addabe shi a hanyar kasuwa. To, ɗana, wannan tambaya taka ta ƙarshe ita ce ta sa na zauna na yi maka doguwar amsa, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Ni ma da idona na ga irin abin da kake faɗa. Wata ranar la'asar na bi ta bakin kogi, na iske yara sun kai goma sun karyo karan dawa suna ta kai wa juna sara, suna ihu irin na finafinan da muke kira na Canis. Kafin in ƙarasa wurinsu, an riga an tsaga wa ɗaya fatar gira, sauran kaɗan a tsiyaye masa ido. Duk cikinsu babu wanda ya san yadda ake tsayawa, balle yadda ake tsayar da hannu. Sara kawai suka kwaikwaya, alhali a wurin masu abin, sara shi ne kashi mafi ƙanƙanta na karatun.

Asalin abin

A ƙasar Japan an yi zamanin barade da ake kira samurai, waɗanda ɗaukar takobi biyu a ɗamara ya zama alamar matsayinsu. Bayan juyin mulkin 1868, gwamnati ta kafa dokar 1876 wadda ta hana yawo da takobi a gari, ban da soja da 'yan sanda da masu kayan sarauta. Daga nan malaman yaƙi suka shiga tsaka mai wuya: ko dai iliminsu ya mutu tare da su, ko kuwa su sāke masa manufa. Da yawa suka zaɓi na biyu. Shi ya sa za ka ji sunayen da suna ƙarewa da jutsu, wato dabara ko sana'a, kamar kenjutsu da jujutsu, na baya kuwa suna ƙarewa da do, wato hanya ko tafarki, kamar kendo da judo da aikido. Dukkansu a haɗe ana ce musu budo, tafarkin yaƙi, amma abin da ake nufi shi ne tarbiyyar mutum ta hanyar horon yaƙi.

Wanda ya fara buɗe wannan ƙofa shi ne wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da na birnin Dabo, ba dangin Bagauda ba ne. A 1882 ya kafa makarantar judo da ake kira Kodokan a Tokyo, kuma shi ne ya shigo da tsarin matakai da kusan duka wasannin suka ara: kyu ga masu koyo, dan ga waɗanda suka kai ga baƙar ɗamara. Judo ta shiga wasannin Olamfik a 1964, lokacin da aka yi su a Tokyo.

Aikido kuwa aikin Morihei Ueshiba ne, wanda aka haifa a garin Tanabe a 1883, ya rasu a 1969. Ɗalibansa suna ce masa O-Sensei, wato babban malami. A 1915 ya sadu da Sokaku Takeda a tsibirin Hokkaido, ya koyi tsohuwar dabarar kamu da murɗa gaɓoɓi da ake kira Daito-ryu a wurinsa, ya haɗa da abin da ya sani na takobi da mashi da sanda. A 1942 ne sunan aikido ya tabbata, kuma a shekarar ce ya koma ƙauyen Iwama yana noma yana koyarwa. Bayan rasuwarsa ɗansa Kisshomaru ya gaje shi, da shi ma ya rasu a 1999 sai jikansa Moriteru ya karɓa. Sunan gaɓa uku ne: ai haɗuwa ko daidaituwa, ki ƙarfin rai da numfashi, do tafarki. A babbar makarantarsu ta Aikikai ba a yin gasa sam, ba kofi, ba zakara, ko da yake akwai wani reshe na almajirinsa Kenji Tomiki da ke yi.

Shiga ɗakin horo

Kafin kalmomin, ga wani sauƙi da Allah Ya yi mana. Wasulan Japananci biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, saboda haka Bahaushe ya fi Bature saurin kama lafazinsu. Abin lura biyu ne. Inda littattafai suka rubuta ch, mu c muke rubutawa, kuma haka zan yi a nan. Sannan ts ɗinsu ba ta da ƙarfin tamu ta tsuntsu, a sassauce ake furta ta.

Wurin horo sunansa dojo. Malami sensei. Wanda ya riga ka shiga sempai, kamar yadda muke cewa babban almajiri a makarantar allo. Tabarmar da ake faɗuwa a kai tatami. Ɗamara obi. Faffaɗan wandon nan baƙi ko shuɗi mai kama da buje, wanda manyan ɗalibai ke sawa, hakama. Ƙidayar da kuke ji ana yi da ƙarfi daga ɗaya zuwa goma ita ce: ici, ni, san, shi, go, roku, shici, haci, kyu, ju. In za ka fara horo da wani, sai ka ce masa onegai shimasu, ma'ana ina roƙonka ka taimaka mini. In kun gama ka ce arigato gozaimashita, na gode. Ka lura da wannan da kyau: mutumin da zai kā da kai, roƙonsa kake yi tun farko, kuma godiya kake yi masa a ƙarshe.

Gaisuwar sunkuyawa ita ce rei. Akwai ta tsaye, akwai ta zaune wadda ake dafa ƙasa a sunkuyar da kai. Na san nan ne iyaye za su ɗaga gira, kuma suna da hujja, domin ta zaunen ta yi kama da abin da Musulmi ba ya yi wa kowa sai Mahaliccinsa. Su Japanawa a wurinsu gaisuwa ce ta ladabi, kamar yadda yaranmu ke durƙusa wa manya. Shawarata ita ce yaro ya tambayi malaminsa na addini, sannan ya gaya wa mai koyar da shi matsayinsa a fili tun ranar farko. Ana iya dafa ƙirji a nuna girmamawa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne shiga fili ba sallama, fita ba godiya.

Darasin farko faɗuwa ne

A aikido mutum biyu ke horo. Wanda ya kawo hari kuma ya sha kaye shi ne uke, wato mai karɓa. Wanda ya yi dabarar shi ne nage, mai jefarwa, wasu makarantu kuma suna cewa tori. Bayan an yi sau huɗu, dama da hagu, sai a yi musanya. Saboda haka rabin rayuwar ɗalibi a ƙasa yake yin ta, kome girman ɗamararsa.

Ilimin faɗuwa sunansa ukemi, kuma shi ake fara koya wa baƙo kafin a bar shi ya taɓa kowa. Mae ukemi ita ce mirginawa ta gaba: ka lanƙwasa hannu kamar bakin ƙwarya, ka mirgina ta kan kafaɗa zuwa ƙugun ɗaya gefen, kai bai taɓa ƙasa ba. Ushiro ukemi ita ce ta baya: ka maƙale haɓa a ƙirji, ka lanƙwasa ƙafa ɗaya, ka zauna ka mirgina. Kuskuren da kowa ke yi shi ne miƙe hannu a dafe ƙasa, kuma da haka wuyan hannu ke karyewa. Mu Hausawa mukan ce faɗuwa ta zo daidai da zama, to su Japanawa sai da suka mai da wannan magana darasi na watanni.

In ka tambaye ni, ɗana, wannan shi ne abin da zai fi yi maka amfani a duk karatun. Sau nawa a rayuwa za a tare ka da takobi? Amma faɗowa daga kan jaki, ko amalanke, ko babur, ko bayan motar kasuwa, ko santsin damina, wannan kullum ne. Mai iya ukemi yakan tashi ya kakkaɓe riga, wanda bai iya ba sai a nemo masa maɗori.

Bayan faɗuwa sai ƙafa. Tsayuwar aikido hanmi ce, wato rabin jiki: ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, ka ba abokin karawa gefe maimakon ƙirji. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dambe ya ja daga ya san wannan tsayuwa. Daga nan motsi biyu ne tushen kome. Irimi shi ne shiga: maimakon ka ja da baya, sai ka kutsa ta gefen harin har ka tsinci kanka a bayan kafaɗar mai shi. Tenkan shi ne juyawa a kan ƙafar gaba kamar ƙyauren ƙofa, harin ya wuce, ku koma kuna fuskantar wuri ɗaya. Dabarar da aka yi ta gaban mutum ana ce mata omote, wadda aka yi ta bayansa ura. Tazarar da ke tsakaninku kuwa ma-ai, kuma malamai suna cewa wanda ya mallaki tazara ya mallaki faɗan, domin abin da bai iso ka ba ba ya cutarka.

Yadda ake harhaɗa sunaye

Dogayen sunayen da suka ruɗa ku, in ka san gaɓoɓinsu, sauƙi gare su. Ana fara faɗin irin harin, sai dabarar, sai ɓangaren. Hare-haren da aka fi yi su ne shomen-uci, sara daga sama zuwa tsakar ka. Yokomen-uci, sara ta gefen kai. Tsuki, suka ko naushi kai tsaye. Katate-dori, kama hannu ɗaya. Ryote-dori, kama hannu biyu. Ushiro kuma duk abin da ya zo ta baya. Ka ga saran farko da na biyu saran takobi ne ake yi da hannu, shi ya sa ake cewa aikido 'yar takobi ce.

Dabarun danniya lamba kawai aka ba su. Ikkyo, koyarwa ta ɗaya, ita ce mallakar gwiwar hannu a kai mutum ƙasa rub da ciki. Nikyo, ta biyu, murɗa wuyan hannu ce, kuma tana da zafi ƙwarai. Sankyo, ta uku, murɗa hannu sama kamar ana matse tsumma. Yonkyo, ta huɗu, danna jijiyar da ke saman wuyan hannu. Gokyo, ta biyar, an fi yin ta wajen ƙwace wuƙa. Na jefarwa kuwa akwai shiho-nage, jifa ta kusurwa huɗu. Irimi-nage, jifa ta hanyar shiga. Kote-gaeshi, juya wuyan hannu waje. Da kokyu-nage, jifa da numfashi, wadda ba a murɗa kome sai dai a yi amfani da lokaci da nauyin mai harin. To, in ka ji malami ya ce shomen-uci ikkyo omote, ka san cewa ya yi: za a kawo sara ta ka, ka amsa da koyarwa ta ɗaya, ta gaba.

Yanzu ga amsar tambayarka. Cikin waɗannan akwai masu iya karya hannu, ban ɓoye maka ba. Amma duk an tsara su ne yadda za a tsaya kafin a kai ga karaya. Da uke ya ji zafi sai ya buga tabarma ko cinyarsa da tafin hannu, nage kuma dole ya saki nan take. Ɗalibin da ba ya saki in an buga, korarsa ake yi, ko da ya fi kowa iyawa. Kada ku kuskura ku gwada nikyo ko kote-gaeshi a kan juna daga kallon waya, ba malami a tsaye. Waya ba ta ganin kuskurenka, ba ta kuma cewa tsaya.

Takobi da sanda

Takobin samurai shi ne katana. Baki ɗaya gare shi, yana da ɗan lanƙwasa, tsawon ruwansa ya haura santimita 60, ana riƙe shi da hannu biyu, ana kuma soka shi a ɗamara kaifi yana kallon sama. Wannan ya bambanta da namu takobin da na mutanen Kasala, waɗanda miƙaƙƙu ne masu baki biyu, ana rataya su da hamila a kafaɗa. Ƙotarsa tsuka, faifan da ke kare hannu tsuba, kube saya, kaifi ha, gadon baya mune, tsini kissaki. Ƙarfen da ake ƙera shi da shi tamahagane, ana narko shi daga baƙin yashi a murhun da ake kira tatara. Maƙeranmu za su yi murmushi, domin su ma tama suke kiran dutsen da kakanninsu ke narkawa, amma dacen lafazi ne kawai. Zanen nan mai kama da igiyar ruwa a bakin takobin, hamon, yana fitowa ne saboda maƙeri yakan shafe ruwan takobin da yumɓu, kauri a baya, sirara a baki, kafin ya tsoma shi a ruwa. Da haka baki ke yin tauri, baya ya rage laushi don kada ya karye.

Ba a ba mai koyo katana. Bokken ake ba shi, takobin itace mai tsawon kamar mita ɗaya. Akwai jo, sanda mai santimita 128, da tanto, wuƙa, ita ma ta itace. Morihiro Saito, wanda ya daɗe yana yi wa Ueshiba hidima a Iwama, ya rasu a 2002, shi ne ya tsara karatun makaman aikido daki-daki: saran iska da ake kira suburi guda 7 na takobi da 20 na sanda, da jerin motsi 31 na sanda. Irin wannan jeri da aka haddace shi ake kira kata.

Tsayuwar mai takobi kamae ce, kuma biyar aka fi sani: cudan, tsini yana duban maƙogwaron abokin karawa, jodan, takobi bisa kai, gedan, tsini ƙasa wajen gwiwa, hasso, takobi tsaye gefen kafaɗar dama, waki, an ɓoye shi a baya ta gefen ƙugu. Shahararren mai takobin nan Miyamoto Musashi, wanda ya rasu a 1645, ya bar littafi a kan wannan fanni mai suna Go Rin no Sho, kuma har yau ana karanta shi.

Kendo shi ne wasan da ake karawa da gaske, amma da shinai, wato tsagin gora huɗu da aka ɗaure, tare da sulke mai rufe fuska da hannu da ƙirji da ƙugu. Wurare huɗu kawai ake bugu: men kai, kote wuyan hannu, do haƙarƙari, tsuki maƙogwaro. Ihun da kuke kwaikwaya sunansa kiai, kuma ba hauka ba ne, mai bugu yana kiran sunan wurin da ya nufa ne. Alƙalai ba sa ba da maki sai murya da takobi da taku sun sauka tare, sannan a ga zanshin, wato mutum ya ci gaba da natsuwa da lura bayan ya yi bugun. In ya daga hannu yana murna, ana iya soke makin da ya ci. An hana kendo a Japan bayan yaƙin duniya ya ƙare a 1945, sai a 1952 aka kafa ƙungiyarsa ta ƙasa, ta duniya kuma a 1970.

Akwai kuma iaido, wanda mutum ke yi shi kaɗai. Kowace kata tasa gaɓa huɗu ce: nukitsuke, zarewa da sara a motsi guda, kirioroshi, saran gamawa, ciburi, kakkaɓe ruwan takobi, noto, mai da shi kube. Ƙungiyar kendo ta Japan ta fitar da kata 7 na bai ɗaya a 1969, aka yi ta ƙari har suka kai 12. Babu ko ɗaya cikin sha biyun nan da ke ƙarewa takobi na waje. Noto kuwa a hankali ake yinsa, ido na kan abokin gaba, yatsu na daf da kaifi, kuma a nan ne masu gaggawa ke yanke hannunsu. Zarewa kowane mai fushi ya iya. Mayarwar ce ake shekaru ana koyo.

Namu fa?

Jama'a, ban kawo duk wannan don in ce na wasu ya fi namu ba. Mu ma muna da abinmu. A dambe hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare shi ne mashi, wanda ake miƙawa gaba garkuwa, turmi uku ake yi, kuma in hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, a raba. Ka ga dambe ma kwaikwayon yaƙi ne da aka yi wa linzami, kisansa ba ya kai kowa kabari. Sana'ar rundawa ce tun asali, ana yin ta da kaka in an kai amfani gida, makaɗa na zuga da kalangu, kuma Ɗan Anace ya sa sunan Shago ya zaga ƙasar Hausa. A Nijar kokawa ce sarauniyar wasanni, tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa, kuma abin da ake ba zakara takobi ne. Nan Sudan ma mun san kokawar Nuba, mun san bulalar biki ta Ja'aliyyin da ake kira buɗan, wadda ta yi kama da sharon Fulani. Kowace al'umma ta nemi hanyar da samarinta za su gwada ƙarfi ba tare da an yi makoki ba.

Inda Japanawa suka sha gabanmu wuri ɗaya ne: sun raɗa wa kowane motsi suna, sun rubuta, sun jera daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Shi ya sa yaro a Abu Hujar ke neman ma'anar ikkyo, alhali in ka tambaye shi mene ne hamila, ko kansakali, ko lifidi, ko barandami, sai ya yi zuru. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa gari a bakin wannan kogi wajen 1906, sun zo da waɗannan kalmomi a bakinsu. Haka waɗanda suka biyo hanyar hajji suka tsaya noman auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sannar a 1925. Yau jikokinsu Larabci ya fi musu sauƙi, kuma ba laifi ba ne, harshen ƙasarmu ne. Amma duk tsohon da muka binne, da kalmominsa muke binne shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Duk mun san abin da ya auku a jihar Nil Azrak cikin Yuli da Oktoba na 2022, da rayukan da aka rasa, da gidajen da aka bari. Mun san yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, ya iso Madani a Disambar shekarar, ya iso Sinja a Yunin 2024. Yaran da suka tashi cikin wannan sun ga makami fiye da yadda ya kamata yaro ya gani, kuma da yawansu sun ɗauka cewa mai makami shi ne mutum. Saboda haka kada wani ya karanta wannan fili ya ce ana koya wa yaran Hausawa faɗa. In akwai abin da nake so su ɗauka daga Japanawa, to shi ne buga tabarma a saki, da godiya bayan kaye, da noto. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma ba ya cin ko fam ɗaya. Na farko, samarin da ke sha'awa su nemi babban mutum guda ya tsaya musu, su sami wuri mai yashi mai laushi, su tsince duwatsu da ƙaya, su yi wata uku ba abin da suke yi sai mirginawa daga durƙushe, da hanmi da irimi da tenkan. Ba murɗa hannu, ba sanda. Wanda ya sami zuwa birni inda akwai kulob ɗin judo, ya shiga, domin ukemi ɗinsu 'yan uwan juna ne, kuma malamin judo ya fi sauƙin samu. Na biyu, kowane yaro ya ɗauki littafi da biro ya je wurin kakansa, ko wani tsohon mahauci ko maƙeri a unguwa, ya tambaye shi sunayen kamun kokawa, da irin naushin dambe, da sassan takobi da na wuƙar damtse, da yadda ake raba faɗa a da, da wanda ke da ikon rabawa. Ku rubuta yadda ya faɗa, ku sa sunan garin da kakanninsa suka fito, ku aiko wa wannan fili. In sun taru za mu jera su gefe da gefe da na Japanawa, mu buga.

Kai kuma ɗana mai wasiƙa, batun wanda ya addabe ka a hanyar kasuwa, ka gaya wa mahaifinka ko yayanka yau ɗin nan, su sami iyayensa ko mai unguwa. Kafin nan ka yi aiki da ma-ai: ka sāke hanya, ko ka tafi da abokai. Ba tsoro ba ne. In ka karya masa hannu, iyayenka ne za su biya maɗori, su tsaya gaban hukuma, gidaje biyu su daina gaisawa, kuma ka san a zaman da muke ciki ƙaramar magana ba ta wuyar zama babba. Makashin maza, maza kan kashe shi. Ina jiran wasiƙarka ta biyu, da kalmomin da ka samo daga bakin kakanka.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba langa da sauran wasannin dandali da ke ƙarfafa ƙafa. Kafin nan, a huta lafiya. Wassalam.